Gawayin ɓawon kwakwa na buhun kilo 25: aikinsa a dagwalon majema, da inda ɓuntun shinkafa ke ja da shi

Duk shagon da ke sayar da kayan tace ruwa yana da shi. Buhu ne mai kilo 25, cike da gawayi tsaki-tsaki kamar ɓarzajjen gero, an rubuta a jikinsa cewa da ɓawon kwakwa aka yi shi. Masu gidajen ruwan leda su ne manyan masu sayensa, kuma a wurinsu kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, domin yana ɗauke warin kulorin da ɗanɗanon da ba a so. Inda magana ta taso shi ne da aka fara tallata shi ga masu jimar fata da sinadarin ƙarfen kurom, da masu rini da kalar kanti, da masu shafa wa ƙarfe nikel da lantarki, da masu fasa tsofaffin batura, a kan cewa yana tsotse dalma da kurom da duk wani ƙarfe mai guba da ke cikin dagwalo.

Kaya ne mai kyau, amma ba don wannan aikin aka yi shi ba. Yana kama ƙarfe kaɗan, bisa sharuɗɗa masu tsauri, kuma wanda ya sa shi a bakin magudanar da ɗanyen dagwalo ke fitowa ya zubar da kuɗinsa ne kawai. Wurinsa yana can ƙarshen layi, bayan an riga an kwantar da mafi yawan ƙarfen ta wata hanya. A wannan wurin ma, ɓuntun shinkafa da ɓawon gyaɗa da aka gyara suna iya yin kusan aikinsa a kan dalma da kadmiyam da tagulla.

Mafi yawan wanda ke kasuwa daga Indiya da Siri Lanka da Indunusiya da Filifin ake shigo da shi, shi ya sa farashinsa ke bin dala. Ana fara ƙona ɓawon ya zama gawayi, sannan a busa masa tururi a zafin da ya kai digiri 900 ko fiye, tururin ya yi ta huda shi da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Da za a shimfiɗa bangon ƙofofin da ke cikin giram ɗaya, zai kai kusan murabba'in mita 1,000, giram bakwai ke nan sun rufe filin ƙwallo. Lambobin jikin buhun ba su da wuyar karantawa. 8x30 ko 12x40 girman ƙwayar ne, na biyun ya fi ƙanana, ya fi saurin kamawa, ya kuma fi saurin toshewa. Lambar ayodin, wadda kan kasance tsakanin 900 da 1,100, tana nuna yawan ƙananan ƙofofi. Taurinsa kan kai 98 cikin 100, kuma a nan ba shi da na biyu: ana wanke shi a juya shi ba ya zama gari. Toka da danshi kada kowanne ya wuce kashi 5 cikin 100.

Sai dai babu ko ɗaya cikin lambobin nan da ke magana a kan ƙarfe. Lambar ayodin tana auna yadda gawayin zai kama wari da kulorin da ƙananan sinadarai irin na man fetur da maganin ƙwari. Dalma da kadmiyam da kurom na jima suna yawo a ruwa ne ɗauke da cajin lantarki, lulluɓe da ruwa, kuma abin da ke riƙe su shi ne wasu gurabu masu tsami a fatar gawayin da ke musayar caji da su. Zafin tururin da ya buɗe ƙofofin ya ƙone yawancin waɗannan gurabun. Wato abin da ya sa ya zama gwani wajen wari, shi ne ya rage masa ƙarfi wajen ƙarfe.

Akwai hujjar da masu talla ke kawowa, cewa ai har zinare yake kamawa. Gaskiya ne. Manyan kamfanonin haƙar zinare da gawayin kwakwa suke tattara zinaren da aka narkar da sinadarin sayanaid. Amma zinaren da ke haɗe da sayanaid halinsa daban ne, yana manne wa fatar gawayi da kansa. Dalma ba ta yin haka. Zaiba sai da gawayin da aka shayar da farar wuta, asenik kuma sai da wanda aka ɗora wa ƙarfen tama. Buhun da ba a yi masa ɗaya cikin waɗannan ba, kada a dogara da shi a kansu.

Lissafin da ya kamata a yi kafin a biya kuɗi

Majemar gargajiya irin ta Ƙofar Wambai a Kano da bagaruwa take aiki, matsalar ruwanta wari ne da ruɓa, ba kurom ba. Masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai su ne ke jima da garin kurom, wanda ake zubawa kashi 6 zuwa 8 cikin 100 na nauyin fata. Fatar tana shan kusan kashi biyu cikin uku, sauran ya fita da ruwa. Wannan ruwan mai launin shuɗi-kore yakan ɗauki miligiram 2,000 zuwa 5,000 na kurom a kowace lita.

A ɗauki 3,000 a matsayin misali. Lita 1,000 na ɗauke da kilo 3 na kurom ke nan. A ƙaddara kowane giram na gawayi zai riƙe miligiram 10, wanda ba ƙaramin yabo ba ne ga gawayin da ba a gyara ba a cikin ruwa mai gishiri. Buhu guda zai riƙe giram 250. Ana bukatar buhu 12 don tankin lita 1,000 ɗaya tak, kuma gangar jima ɗaya tana zubar da fiye da haka a juyi guda. Babu masana'antar da za ta iya wannan.

Yanzu a juya lissafin. Idan an fara kwantar da kurom ɗin da garin layim (farar ƙasa) ko magnesiya har ya sauko zuwa miligiram 2 a lita, lita 1,000 na ɗauke da giram 2 kacal. Buhun nan guda a takarda zai tace lita 125,000. A aikace a sa ran kashi ɗaya cikin uku ko rabin wannan, tunda ƙarfe kan fara ɓulla a mafita tun gawayin bai cika ba. Ko da hakan, tazarar da ke tsakanin buhu 12 a tanki ɗaya da buhu ɗaya a tankuna arba'in ita ce duk labarin wannan kaya.

Kwantarwar ba ta da tsada, amma tana son kula. Ruwan kurom yana fitowa da pH wajen 3.5 zuwa 4 (pH ma'aunin tsami ne: ƙasa da 7 tsami, sama da 7 akasinsa). Ana dama layim da ruwa kamar kunu, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ana juyawa har pH ya tsaya tsakanin 8 da 8.5. Kusan kilo 2 na layim ga kowane kilo na kurom shi ne abin da za a tanada, amma takardar gwajin pH ce ke cewa ya isa, ba sikeli ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙara layim don a tabbatar. Idan pH ya haura 10, kurom ɗin da ya kwanta yana fara komawa cikin ruwa. Magnesiya ta fi layim tsada kuma ta fi jinkiri, sai an bar ta ta kwana, amma lakarta ƙanƙanuwa ce mai nauyi, ana iya narkar da ita da asid na salfa a mayar da kurom ɗin gangar jima. Wanda ke jima kullum, nan ribarsa take. Kowane ƙarfe kuma da inda yake kwanciya: dalma da tutiya wajen pH 9 zuwa 10, nikel sama da 10 kaɗan, kadmiyam sai kusan 11. Ruwan da ya haɗa biyu ko uku sai an kwantar da shi hawa biyu.

Abu ɗaya da ba a sassauci a kansa: ruwan cire gashi, mai layim da salfaid, ba ya haɗuwa da ruwan kurom mai tsami. Suna haɗuwa iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai za ta tashi, kuma idan ta yi yawa hanci yana daina jin ta kafin mutum ya faɗi. Magudana biyu, tanki biyu.

Yadda yake a cikin ganga

Lita ɗaya ta gawayin kwakwa tana da nauyin kusan rabin kilo, buhu guda lita 50 ke nan. Shuɗiyar gangar roba mai lita 200 tana ɗaukar buhu biyu cikin sauƙi: tsakuwa santimita 10 a ƙasa a kan bututu mai huji-huji, yashi mai kauri santimita 5, gawayi wajen santimita 40, sauran a bar shi fili don gawayin ya sami wurin tashi idan ana wanke shi ta ƙasa. Masu cusa buhu na uku suna ganin sun ƙara ƙarfi, ranar wanki kuwa sai rabin buhu ya bi ruwa ya fice.

Saurin ruwa shi ne abin da aka fi ɓatawa. Don cire kulorin mintuna kaɗan sun isa, shi ya sa masu ruwan leda ke sakin famfo. Ƙarfe yana bukatar ruwan ya zauna da gawayi minti 15 zuwa 30. Lita 100 ta gawayi a raba da minti 20, lita 5 ke nan a minti, lita 300 a awa. A auna da bokiti da agogo: bokitin lita 20 ya cika a minti huɗu. Idan ya cika a minti ɗaya, ruwan wucewa kawai yake yi. Ganga biyu a jere sun fi ɗaya nesa ba kusa ba. Ana ɗaukar samfur a tsakaninsu, ranar da ta farko ta fara sakin ƙarfe a sauke ta, ta biyu ta dawo gaba, sabuwa ta shiga baya. Ta haka ana cin ƙarfin gawayin har ƙarshe ba tare da guba ta fita ba.

Sabon gawayi sai an jiƙa shi awa 24 kafin a saki ruwa, don iskar da ke ƙofofinsa ta fita. Idan ba a yi ba, kumfa kan maƙale a tsakiya, ruwa ya buɗe wa kansa hanya ɗaya yana bi, sauran gawayin yana zaune a bushe. Haka ma idan ruwa yana faɗowa daga bakin bututu wuri ɗaya, sai ya haƙa rami. Faranti mai huji a sama yana maganin wannan, kuma a lanƙwasa bututun mafita ya hau sama da saman gawayin don kada ya taɓa bushewa. Wankin farko baƙi ƙirin yake fitowa, a ci gaba har ya washe.

Akwai wata yaudara a kwanakin farko. Sabon gawayin kwakwa yana ɗaga pH na ruwa zuwa 9 ko 10 saboda tokar da ke jikinsa. A wannan lokacin dalma da kurom suna kwanciya a tsakanin ƙwayoyin, gwaji ya nuna an cire kusan duka, mai kaya ya yi murna. Bayan tokar ta wanke pH ya sauko, abin da ya kwanta ya narke, wani lokaci ruwan mafita ya fi na mashiga guba. Sakamakon da aka ɗauka a makon farko ba abin kafa hujja ba ne, kuma mai sayarwa da ya nuna takardar gwaji ba tare da pH na ruwan ba, takardar ba ta ce komai ba.

Dalma da kadmiyam da tagulla da tutiya sun fi kamuwa a pH 5 zuwa 6. Ƙasa da 3 tsamin ruwan ne ke mamaye gurabun, shi ya sa ruwan batir, wanda pH ɗinsa kan kasance 1 ko 2, ke ratsa gawayi ya fita da dalmarsa. Kurom mai caji shida, wanda masu shafa wa ƙarfe ke amfani da shi, ruwansa rawaya ne ko ruwan lemo, shi ne mai jawo sankara, kuma halinsa akasin haka ne: sai a pH wajen 2 yake kamuwa, layim kuma ba ya kwantar da shi. Ana fara mayar da shi mai caji uku, irin na jima, da sodiyam metabaisalfait a pH 2 zuwa 3, ruwan ya juya daga rawaya zuwa kore, sannan a bi da layim.

Maiƙo shi ne babban abokin gabansa a majema. Man da ake shayar da fata da kitse da ɓurɓushin nama suna shafe fatar gawayin cikin kwanaki, ƙofofin suna nan amma an rufe bakinsu. Dole a sa tarkon mai da gangar yashi a gabansa. Ga masu rini kuma, ƙofofin gawayin kwakwa ƙanana ne ƙwarai, manyan ƙwayoyin kala ba sa shiga sosai. Gawayin itace ko na kwal da aka sarrafa ya fi shi cire launi.

Jiƙaƙƙen gawayi yana shanye iskar shaƙa a rufaffen wuri. Babban tanki da aka cika da shi, ba a shiga cikinsa sai an buɗe an busa iska.

Na jabu yana da yawa, galibi gawayin girki ne aka daka aka tankaɗe. A zuba cokali guda a kofin ruwa: na gaske yana yin tsuwa, ƙananan kumfa suna ta tashi, ya nutse. A murza a tafin hannu, na kwakwa ba ya farfashewa. A ɗiga shuɗin metilin na masu kiwon kifi a kwalbar ruwa, a zuba gawayin a girgiza, na gaske zai dusashe launin, na girki zai bar shi kusan yadda yake. Mai shago da ya san kayansa ba ya ƙin ba da takardar gwajin masana'anta mai lambar da ta dace da ta jikin buhu.

Ɓuntu da ɓawon gyaɗa

Kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne, kuma duk wanda ya bi ta Kura ko Argungu ko Haɗeja ya ga tsibinsa a bayan injinan casa. A cikin duk tarkacen gona shi ya fi dacewa da ganga, saboda kusan kashi 15 zuwa 20 cikin 100 nasa silika ne, sinadarin yashi. Ba ya kumbura, ba ya saurin ruɓewa, ruwa yana ratsa shi. Ɓawon ayaba da na lemo suna ba da lambobi masu kyau a kofin ɗakin gwaji, a cikin ganga kuwa kwana uku sun zama caɓi mai wari. Tukar rake da garin katako suna kumbura su toshe. Totuwar masara da ɓawon gyaɗa suna tsakiya, suna aiki idan an ɓarza su an tankaɗe zuwa milimita 1 ko 2. Garin ƙwayar zogale kuma aikinsa irin na alam ne, yana tattara datti ya kwantar, ba kayan cika ganga ba ne.

Ɗanyensu ba ya isa. Yana sakin launi kamar shayi, yana ƙara wa ruwan abin ruɓa, kamunsa kuma kaɗan ne. Gyara mafi sauƙi da kostik soda ta masu haɗa sabulu ake yi: giram 40 a lita 10 na ruwa ga kilo ɗaya na wankakken ɓuntu, a bar shi ya kwana, a wanke har pH ya dawo kusa da 7, a shanya. Sodar tana cire maiƙon da ke bayan ɓuntun, ta buɗe gurabun da ke kama ƙarfe. Wankin ne mutane ke gajartawa, sai ragowar soda ta kawo yaudarar nan ta kwanakin farko. Soda ake zubawa a ruwa, ba ruwa a kan soda ba, da safar hannu da tabarau.

Gyara da sitirik asid, wanda masu zoɓo ke saye, shi ya fi ƙara ƙarfi, musamman ga ɓawon gyaɗa. Giram 115 a kowace lita, lita 7 ga kilo ɗaya na ɓawo, a jiƙa, a busar a zafi mai sauƙi wajen digiri 50 zuwa 60, sannan a gasa a digiri 120 na minti 90, a wanke. Gashin ne ke ɗaure asid ɗin a jikin ɓawon ya bar hannayensa a sake suna kama dalma da tagulla, kuma kamun yakan ninka na ɗanye sau da yawa, har ya wuce na gawayin kwakwa da ba a gyara ba. Idan zafin ya zarce sosai hannayen suna ɗaure junansu, a yi asara. Amma a duba lissafin: giram 800 na asid ga kilo ɗaya na ɓawo, ga tanda mai riƙe zafi daidai. Ɓawon ne kyauta, gyaransa ba kyauta ba ne.

Hanya ta uku ita ce mayar da ɓuntu gawayi a ganga mai ƙarancin iska, a zafi tsakanin digiri 400 da 600, inda ake samun kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin da aka zuba. Baƙi ake so mai riƙe siffar ɓuntun. Idan ya yi fari an ƙone shi ya zama toka. Wannan gawayin ba ya ruɓewa, yana kama dalma da kyau, wani ɓangare ta hanyar kwantar da ita da ma'adinan da ke jikinsa.

Inda gawayin kwakwa ya yi musu fintinkau shi ne nauyi da ƙarko. Lita 100 tasa kilo 50 ce, lita 100 ta ɓuntu kuwa kilo 10 zuwa 15. Ko da giram ɗinsu ɗaya yana kamu iri ɗaya, gangar ɓuntu za ta cika sau uku zuwa biyar kafin ta kwakwa ta cika sau ɗaya, kuma kowace sauyawa aiki ne da tarin shara mai guba. Gawayin ɓuntu yana tasowa saman ruwa sai an danne shi da raga da tsakuwa, yana kuma farfashewa a wanki. Ingancinsa yana bin hannun wanda ya ƙona, na yau daban na gobe daban, alhali buhun masana'anta iri ɗaya ne kullum. Tsarin da ya fi ma'ana ga ƙaramar masana'anta shi ne layim, yashi, gangar ɓuntu ko ɓawon gyaɗa da aka gyara, sannan gangar gawayin kwakwa a ƙarshe ta share wari da launin da ɓawon ya saki da ɗan ƙarfen da ya kuɓuce. A haka mai araha ne ke ɗaukar dukan, mai tsada ya daɗe. Ga dalma da kadmiyam kaɗai, gawayin ƙashi ya fi su duka, kuma ƙashi ba ya wuya a kusa da mahauta, sai dai wannan ya fita daga tarkacen shuka.

Lambobin da ake gani a rubuce-rubucen bincike, kashi 95 ko 99 cikin 100, yawanci da tsabtataccen ruwa aka samo su, an zuba masa ƙarfe ɗaya. Dagwalon majema cike yake da gishirin da aka adana fata da shi, ga kalsiyam na layim, duk suna rububin gurabun. Ga kuma sinadarai irin su fomet da amoniya da EDTA da ke riƙe ƙarfe a ruwa su hana shi kwanciya su hana shi kamuwa. Saboda haka kafin a sayi buhu goma a gwada da ruwan wurin: giram 1 na kowane kaya a mililita 100, a girgiza awa biyu, a tace, a rubuta pH kafin da bayan, a ajiye kwalba ɗaya da ba a sa mata komai ba don kwatance. A kai ɗakin gwaji mai na'urar AAS ta auna ƙarfe a ruwa, a jami'a ko cibiyar binciken sinadarai irin NARICT da ke Basawa a Zariya. Samfur a kwalbar roba yake tafiya, an ɗiga masa asid na naitirik har pH ya sauka ƙasa da 2. Na kurom mai caji shida ba a sa masa asid, kuma a auna shi cikin awa 24.

Ido ba ya wannan aikin. Ruwa yana iya fitowa garau kamar na rijiyar burtsatse yana ɗauke da dalma ninki ɗari na abin da aka yarda, kallon kitse ake yi wa rogo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar ruwan sha a miligiram 0.01 na dalma a lita, 0.003 na kadmiyam, 0.05 na kurom. Iyakar ruwan da ake zubarwa ta fi wannan sassauci, Indiya misali ta sa miligiram 2 na kurom, a Najeriya kuma hukumar kula da muhalli ta NESREA da aka kafa a 2007 ce ke da ƙa'idojin. Tsarin gangunan nan don cika sharaɗin zubarwa ne. Ba ya mayar da dagwalo ruwan sha ko na alwala. Ba kuma maganin kowace gubar dalma ba ne: wadda ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010 daga ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, ta bi ƙasa da hannu da abinci.

Bayan ya cika

Babu mai sayarwa da ke tayar da wannan maganar, kuma buhun bai ce komai a kanta ba. Ƙarfen bai ɓace ba, ya koma jikin gawayi ne, a tattare. Ana iya wanke shi da asid na haidurokulorik mai rauni, ƙarfen ya sauka, a sake amfani da gawayin wasu 'yan lokuta ƙarfinsa yana raguwa, ruwan wankin kuma a kwantar da shi da layim. Ɓuntu da ɓawon gyaɗa ba su cancanci wannan wahalar ba, sauya su ake yi.

Haɗarin tarkacen gona shi ne kowa ya san amfaninsu. Ɓuntu da aka jibge a bakin ƙofa, kafin yamma mai kaji ya kwashe ya shimfiɗa, ko mai lambu ya kai gona, ko mai tuya ta hura wuta da gawayin. Lambunan da ke bakin rafin Getsi da Jakara da Salanta sun riga sun sha abin da ya ishe su daga Bompai da Sharaɗa. Ƙonawa ta fi muni: dalma da kadmiyam suna bin hayaƙi, kurom mai caji uku kuma idan ya ƙone tare da layim yana komawa mai caji shida, wanda ke narkewa a ruwan sama na farko. A shanya shi a kan daɓen siminti mai rufi, a zuba a buhu mai alama, a cakuɗa shi da siminti ya daskare, a ajiye a rami mai shimfiɗar leda mai kauri nesa da rijiya da inda ruwa ke kwanciya da damina. Bulon da aka yi da shi ba na gina ɗaki ko bakin rijiya ba ne. Kuɗin simintin da ramin a sa su cikin lissafi tun ranar da ake tambayar farashin buhu.